Ƙanin Iya a Dajin Bama

A gidanmu na Kano, in an kwashe tuwon dare, Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan tura itace ɗaya, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta zuba gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Kakata ce ta wajen uba. Mu tatsuniyar kura muke so, kuma takan ba mu. Amma duk ranar da mijinta Baba Mamman da ƙaninta Kaka Ilu suka yi cacar baki a zaure, mun san abin da za mu ji.

"Ga ta nan," in ji ta, tana juya gyaɗa da ƙarfi. "Ba tatsuniya ba ce, ciwon kaina ne."

Tana amarya Turawa suka shiga ɗibar soja, saboda Japan ta kame Bama, ta doshi Indiya. Baba Mamman ya ba da sunansa, sai da aka ba shi kaki ya gaya mata.

"Da ya ce Bama, na ɗauka Baman Barno ce. Har na ce ya taho mini da turaren wuta. Ashe wata ƙasa ce bayan teku."

Ilu, autan su Iya, wanda tun yana yaro ba ya jin bari, ya bi sahu. Ranar tafiya Iya ta tare mijinta a bakin ƙofa, ta ce kada ya sake ya dawo mata gida sai da ƙaninta.

A can aka sa su cikin masu dakon kayan yaƙi, don dajin ba hanyar mota. Ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku na shan jininsu ta cikin takalmi, abinci sai jirgin sama ya jefo. Baba Mamman ya yi ƙoƙari har aka ba shi igiya ɗaya. Wata safiya suna ƙetare rafi, sojan Japan suka buɗe musu wuta daga cikin gora. Aka ce kowa ya kwanta. Kowa ya kwanta, sai Ilu, wanda ya miƙe zai ɗauko hularsa da ruwa ya ja. Harsashi ya same shi a cinya.

A nan Iya kan ajiye ludayi. "Hula. Ku ji fa. Ba ma tasa ba, ta Bature."

Aka ba da umarnin ja da baya. Baba Mamman na ɗauke da akwatin harsashi. Ya dubi akwatin, ya dubi Ilu, ya jefar da akwatin ya goya shi, ya kama hawan tudu ana harbi. Ilu kuwa tun daga gindin tudun yake mita: "Mamman, tafi a hankali mana, kana girgiza ni." Da suka isa sansani, Baturensu ya cire wa Baba Mamman igiyarsa saboda akwatin.

Sun dawo tare bayan yaƙi, Ilu na ɗingishi. Bai taɓa godiya ba. Cewa yake da an bar shi da ya taka da ƙafarsa. Baba Mamman kuma cewa yake da ya sani da akwatin ya ɗauka, shi ba ya surutu. Kullum bayan la'asar Kaka Ilu zai dogaro sandarsa ya zo zaurenmu, su dasa daga inda suka tsaya jiya.

Na taɓa tambaya: "Iya, to wa ke da gaskiya?"

"Babu ko ɗaya, maigidana. Ku tashi ku kwanta."

Labarin kan ba ni haushi. A tatsuniya mai butulci yana ganin sakayya. A nan mai butulci ne ke cinye mana gyaɗa.

A ƙarshen shekarun casa'in, Iya da tsofaffin nan duk sun rasu, na fara zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Chana saro kaya. A wata tafiya matata Hadiza ta matsa sai na tafi da ƙaninta Nafi'u ya koyi kasuwa. Na ga ta kaina. Kalma ɗaya ya koya, "meyo", wato babu, kuma ita yake jefa wa kowa, har mai gaishe shi. Ya yi musu da masu shago, ya ɓace mini a tashar jirgin ƙasa, da na same shi ya ce ni ne na ɓata.

Ranar Juma'a, muna fitowa daga Masallacin Huaisheng, ya ce cikinsa na ciwo. Na ce mu je asibiti.

"Basir ne kawai, Yaya. Na taho da saiwa daga gida."

Ya jiƙa saiwarsa a kofin shayin otal, ya yi ta sha. Ranar da za a loda kayana a kwantena, kayan yara ne da nake so su riski kasuwar Sallah, na shirya zan fita sai na ji ya faɗi a banɗaki. Jikinsa zafi zau, ba ya iya miƙewa. Dillalin jirgin ruwa ya riga ya gaya mini in ban zo na duba na sa hannu ba, sai jirgi na gaba, wato bayan Sallah. Na tsaya da takalmi a hannu, raina a ɓace ƙwarai. Sai na goya shi a baya na fito da shi titin Liuhua, ina ɗaga wa tasi hannu, mutane na kallonmu.

Likita ya ce afendis ne, har ya fashe, da an ƙara jinkiri da sai gawa. Aka yi masa aiki. Jirgi ya tafi ba kayana.

Da ya farfaɗo, ya dube ni ya ce, "Yaya, kayan fa?"

"Suna nan. Sai bayan Sallah."

Ya ja tsaki a hankali. "Kai akwai ka da garaje. Ai saiwar ta fara aiki."

Na fita na zauna a benci, don in na tsaya zan faɗi abin da zai kai ga kunnen Hadiza. A kan bencin nan, tsakanin mutanen da ba na jin yarensu, na tuna murhun Iya. Ban taɓa jin ta ce Baba Mamman mai haƙuri ne ba, ko ta ce ya yi abin da ya yi da daɗin rai. A fusace ya hau tudun nan, kamar yadda na sauko titi a fusace. Ashe ana iya goya mutum ana zaginsa a zuci, kuma goyon ya kai. Na kuma gane Kaka Ilu. Akwai abin da ya fi ƙarfin "na gode", sai mutum ya rasa yadda zai yi, ya dinga zuwa kullum yana neman faɗa.

Har yau Nafi'u bai gode mini ba. Duk yamma yana shagona, yana shan shayina, yana gaya wa baƙi cewa shi ya nuna mini hanya a Chana, kuma likitocin can sun yanka shi a banza. Nakan ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Amma ranar da magariba ta kusa ban gan shi ba, ni ne ke fara kiran wayarsa.