Ta'aziyyar da Muka Kai wa Iya ta Sama

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta riƙa tura ma'aikata kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goro. Nawa rabon ya faɗo a Landan. Kafin nan na zauna a Khartoum da Alƙahira, na kuma yi 'yan watanni a Jamus, amma duk ni kaɗai nake tafiya. Wannan karon na ce sai da mai ɗakina. Muka sami ƙasan wani gida a Edmonton, ɗaki biyu da kicin. A saman benen akwai wata dattijuwa Bayahudiya, asalinta mutuniyar Poland, tana zaune ita kaɗai.

Ni da gari ya waye sai in kama bas in tafi makaranta, ba a ganina sai magariba. Mai ɗakina kuwa Bagobira ce da ta tashi a gidan yawa, inda ko tari ka yi sai mutum biyar sun ce maka sannu. Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Watannin farko kullum na dawo sai in tarar idonta ya yi ja.

"Malam, ka mai da ni gida," in ji ta. "Garin da ko zakara ba ya cara, ina amfaninsa?"

Nama ne ya haɗa ta da dattijuwar. Tun zuwanmu kifi da ƙwai muke ci, don ba mu san inda ake yanka ba. Wata rana suka haɗu a bakin ƙofa, dattijuwar ta ga kifi a jakarta kamar kullum, ta tambaye ta da hannu. Mai ɗakina ta ja yatsa a wuyanta, ta girgiza kai. Dattijuwar ta yi dariya, ta kama hannunta, suka hau bas har shagon wani mahauci Bayahude. Da na dawo aka ba ni labari, na ce yankan Ahlul Kitabi ne, ya halatta. Ranar muka ci miyar nama har da suɗi.

Daga nan mai ɗakina ta sa mata suna Iya ta Sama. Yadda suke hira ban taɓa ganewa ba, ni da nake taƙama da harsuna. Rabi da hannu, rabi da ido, sauran kowa da yarenta. Ta lura Iya ba ta cin alade, tana rufe gashinta in za ta fita, tana da ranar da ba ta kunna wuta. Ran Asabar mai ɗakina ke hawa ta kunna mata hitar ɗumama ɗaki. Ita kuma Iya ta koya mata lambobin bas da yadda ake sa kwabo a mitar gas. Maganar komawa gida ta mutu, ban sake jin ta ba.

Muna nan har bazararsu ta zo, aka yi wani zafi da Turawa suka rasa inda za su sa kansu. Na dawo da yamma na tarar da mai ɗakina zaune a kan matakalar bene, ta yi tagumi.

"Iya ta kore ni," in ji ta.

Ga abin da ya faru. Suna kicin ɗin Iya suna kwaɓa fulawa, zafi ya sa Iya ta naɗe hannun rigarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai mai ɗakina ta hangi wani zane shuɗi-shuɗi a hannunta na hagu, ƙasa da gwiwar hannu, ya dusashe saboda daɗewa. Ita karatun allo ta yi, idonta bai gama sabawa da rubutun boko ba, kuma a wajenmu zane a jikin mutum abin alfahari ne. Ta ɗauka jarfa ce irin ta matan Fulani. Murna ta kama ta, ta ga ashe su ma suna da aska. Ta kamo hannun Iya, ta shafa zanen, ta nuna tsagar Gobirawa da ke kumatunta, ta ce mata da ɗan Turancinta, "Your town?" Wai tana nufin na wane gari ne. Har ta ƙara da Hausa cewa wanzamin da ya yi ya iya aiki.

Iya ta fizge hannunta, ta saukar da riga, ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe.

Na zauna kusa da ita a matakalar. Lokacin da nake Jamus an taɓa kai mu wani sansani da aka mayar wurin tunawa, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, don haka na san zanen. Ita kuwa abin da ta sani game da yaƙin duniya na biyu shi ne kawunta ya je ƙasar Bama ya dawo da ƙafa ɗaya. Na gaya mata cewa a lokacin an yi wani mulkin kama-karya a Jamus wanda ya ƙudura ƙarar da Yahudawa daga doron ƙasa. Aka fara da hana su aiki da makaranta, aka sa musu alama a riga, aka tattara su a unguwannin da aka kewaye. Daga baya aka riƙa loda su a taragon dabbobi daga ƙasa-ƙasa zuwa sansanoni. In jirgi ya tsaya sai a ware masu ƙarfi a sa su aikin bauta, tsofaffi da yara a shigar da su ɗaki a sakar musu iska mai guba, a ƙone gawarwakin. Miliyoyin mutane aka yi wa haka. A wani sansanin, waɗanda aka bari da rai ana zana musu lamba a hannu, da ita ake kiran su.

"Mu ana yi wa yaro tsaga don ko ya ɓata a san danginsa," na ce mata. "Ita an yi mata ne don a shafe sunanta, kamar yadda Buzaye ke sa wa raƙumi shaida."

Can ta ce, "Na yaba wa wanzamin, Malam. A gabanta."

"Ba ta ji Hausar ba."

"Ta ga fuskata ai."

Asabar ta zo, mai ɗakina ta hau ta ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Na rubuta 'yar takardar ban haƙuri da Turanci mai kyau na zura ta ƙarƙashin ƙofa, shiru. In suka yi kiciɓis a ƙofar gida sai Iya ta gyaɗa kai ta wuce, irin gaisuwar da Turawa ke yi wa wanda suka sani a bas. Jan ido ya dawo gidana. Na san in abin ya ci gaba haka, ba za ta kai ƙarshen kwas ɗin a Landan ba.

Wata safiya ina shan shayi ta ce, "Malam, mutanen Iya da aka kashe, wa ya je mata gaisuwa?"

Na ce wa zai je, ai duk an kashe masu zuwan.

"Zaman makoki fa?"

"A ina? Ko kabari babu."

Ta ajiye butar shayin. "To mu ne maƙwabtanta. Yanzu muka ji, yanzu za mu je."

Na yi ƙoƙarin hana ta. Na ce abin ya kai shekara talatin. Na ce a ƙasar nan mutuwa ta kwana biyu ma kati ake aikawa, kowa ya shiga harkarsa, kuma Iya tana iya ɗauka mun zo tona mata ciwo ne.

"Gaisuwar mutuwa tana ruɓewa ne?" in ji ta. "Kai da ka dawo daga Masar, ba sai da ka zaga gidajen duk waɗanda suka rasu ba ka nan ba?"

Gaskiyarta, na zaga.

A lokacin ba a daɗe da yaƙin Larabawa da Isra'ila ba, zukata da zafi. Wani abokin karatuna da ya ji shirin ya ce mini, "Alhaji, ta'aziyya gidan Bayahudiya, a wannan marra?" Na kawo wa mai ɗakina maganar. Ta ce, "Ka ce masa ni ban san marra ba. Matar da ta nuna mini mahauci na sani."

Ta ce mutum ɗaya ba ya cika ɗakin makoki, don haka ta gayyato mata biyu: matar wani likita Bakano da ke aiki a Marylebone, da wata nas Kirista 'yar Jos wadda suka saba a wajen awo. Matar likita ta zo da wake, aka surfa, aka markaɗa, aka soya ƙosai, don mai ɗakina ta san Iya na cin abincinta muddin ba nama a ciki. Aka dama kunu. Da hantsi ran Lahadi suka yafa mayafai marasa ado, ni kuma aka sa ni gaba a matsayin tafinta.

Na ƙwanƙwasa. Iya ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofar na maƙale. Ta dube ni, ta dubi mata uku da kwanuka a bayana.

"Biki kuke yi?" ta tambaya.

Na ce a'a. Na ce a al'adarmu in mutum ya ji maƙwabcinsa ya yi rashi, dole ya je gaisuwa ko da labarin ya iso masa a makare, kuma matata ta ce sai yanzu ta ji. Na shirya jin ƙarar rufe ƙofa. Ta tsaya tana kallon mai ɗakina, wadda ta sunkuyar da kai. Sai muka ji ta zare sarƙar.

Matan suka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Akwai kujeru a falon, amma ba wadda ta kalle su, suka zauna a ƙasa suka jingina da bango yadda ake yi a gida. Ni na tsuguna daga bakin ƙofa. Iya ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta rasa abin yi.

"Wa ya gaya musu a ƙasa ake zama?" ta tambaye ni.

Na ce ba wanda ya gaya musu, haka muke yi.

Ta ce su ma haka suke yi. In an yi mutuwa ana zama a ƙasa kwana bakwai, maƙwabta su kawo abinci, mai gaisuwa ba ya magana sai mai makoki ya fara. Ita ba ta taɓa zama wa nata ba. Da aka buɗe sansanin ba ta da gidan da za ta zauna a ciki, ba kuma wanda zai shigo. Ta janyo matashin kujera ta jefa a ƙasa, ta dafa kafaɗar nas ta zauna da ƙyar.

Na ga makoki a wurare da dama. A Khartoum mai gaisuwa tun daga nesa yake ɗaga hannu da Fatiha, a Alƙahira rumfa ake kafawa a titi a kawo mai karatu. Ban taɓa ganin wanda aka yi shiru irin na wannan rana ba. Motoci na wucewa a waje, ƙosai na hucewa a kwano.

Mai ɗakina ce ta kasa daurewa. "Iya, ya haƙuri?"

Na fassara iyakar iyawata, don Turanci ba shi da wannan tambayar. Sai Iya ta fara kiran sunaye, tana faɗin ko wane ne. Mahaifinta, mai gyaran agogo. Mahaifiyarta. Ƙannenta maza. Mijinta, wanda ta ce ba ya iya rera waƙa amma ba ya bari. Duk sunan da ta kira, matan su amsa tare, "Allah ya ba da haƙuri." Da ta zo kan 'yarta, wadda aka karɓe daga hannunta a bakin jirgi aka miƙa wa kakarta, ta faɗi sunan sau ɗaya ta yi shiru. Nas ta fashe da kuka. Matar likita ta zungure ta, "Ke, a gidan mutane? Mu muka zo ba da haƙuri." Ita ma hawayen take yi.

Mai ɗakina ta matsa ta zuba kunu a kofi, ta riƙe mata har ta sha. Muka yi sallama wajen azahar. Iya ba ta raka mu ba, kuma haka ya kamata.

Washegari ina ɗaura takalmi sai na ji ana buga ƙofarmu da ƙafa. Iya ce, hannu biyu riƙe da kwanukanmu, an wanke, ta cika ɗaya da wani burodi mai kitso.

"Gaya wa matarka," in ji ta, "wannan abin da ta soya ya hana ni sakat. Barkonon duniya ta zuba?"

Na fassara. Mai ɗakina ta leƙa kwanon ƙosan ta ga wayam.

"Ce mata ai na ga alama. Wahalar ce ta sa ta cinye duka?"

Na buɗe baki zan mayar da Turanci, Iya ta ɗaga mini hannu. Ta ture ni gefe da kwano ta shige kicin, ta ja kujera ta zauna.

"Kai tafi makarantarka, za ka makara," in ji ta. "Na ji abin da ta ce."