Famfon da Muka Yi Ta Sauya wa Wuri

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Paris, kusan duk ƙarshen mako sai na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon wajen abokina. Tare muka zo karatu daga Damagaram. Shi injiniya ne, kuma yana da wata jaraba da har yau ban gane mata ba: ƙaramin jirgin sama yake ƙerawa da hannunsa, a wata rumfar ƙarfe gefen filin jirage na Bron. Ni aikina a wurin bai wuce riƙe tukunyar kashe gobara da dafa shayi ba.

Injin daga tsohuwar mota ya ciro shi, irin wanda ba shi da fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a ciki. Ba nauyi, ga ƙarfi, sai dai ba ya jure zafi ko kaɗan.

Gaggawa yake, don ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce da wuya ya tsallake gwajin lafiyar matuƙa na ƙarshen shekara. Wato watannin zafin nan kaɗai suka rage masa ya tashi da jirginsa.

Amma da an tada injin, kafin shayi ya huce allurar zafi ta kai ja. Ya ce laifin famfon ruwa ne, ya yi sama da yawa, iska yake zuƙa. Muka sauko da shi ƙasa, bai canza zane ba. Muka mai da shi gefe kusa da radiyata, aka sake yanka tiyo, aka sake walda. Kowane sauyi sai ya ci makonni.

Na ce, "Malam, anya ba injin ne ya ƙi ka ba?"

Ya ce, "Kai dai riƙe tukunyarka, ba ka san komi ba."

Gaskiyarsa.

Sanyi ya fara shigowa ranar da ya sake kwance gidan famfon, ya miƙo mini in riƙe. Na leƙa ciki don rashin abin yi, na ce, "Wannan ramin kuma na mi ne?"

"Wane rami?"

Bai gan shi ba, sai da ya zura yatsa. Sannan ya zauna a kan taya.

Can gida Damagaram duk wanda ya sayi motar Turai, kafin ya kai ta ƙofar gida sai ya biya gareji an cire mata kalorsta, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa har injin ya yi ɗumi. Wai na ƙasar sanyi ne. Mahaifin abokina direban babbar mota ne, a gabansa ya tashi yana gani. Ranar da injin ya iso, abokin nawa ya cire kalorstan ya jefar, kamar mai ɓare lemo, ya manta ma ya yi. Ashe a wannan injin, ɗan ƙarfen ne ke toshe ramin idan zafi ya hau. Da babu shi, rabin ruwan sai ya yi ta kewaya a wuri ɗaya ba ya kaiwa radiyata. Famfon ba ruwansa.

Ya toshe ramin, allura ta tsaya cak a tsakiya. Gwajin likita kuma ya zo, bai tsallake ba.

Wani abokin aikinsa ne ya tashi da jirgin. Muna tsaye bakin rumfa, abokina ya ɗaga kai yana bin ƙarar da kunne.

"Ya kai ina?"

"Ya wuce dogayen gidajen can, yana juyowa."

"To, madalla," ya ce. "Lafiya lau yake kuka."

Ban ɗauki wani babban darasi ba, in ban da na daina yarda da abin da hannuna ke yi ban sa shi ba. Shi bai taɓa kuka da kowa ba, ko mahaifinsa ko kansa. Ni ne abin ke ci wa rai har yanzu, don ni na ga jirgin a sama, ni da ban ɗaura masa ko noti ɗaya ba.