Bayan Hannun Bappayo

Duk wanda ya gina gida a Tumfure ya sa hita a banɗaki, to ya san Bappayo mai gyaran famfo. Ɗan Kwadon ne, gajere, ga taurin kan tsiya. Shekara ashirin da biyu yana sana'ar, amma abin da ya fi tinƙaho da shi ɗan ƙaramin aiki ne. A cikin makunnin shawa akwai wani zoben roba da ke tokare shi, don kada a murɗa har ruwa ya kai zafin ƙona mutum. Saita zoben nan shi ne gwanintarsa. Sai ya saki ruwa, ya tara bayan hannunsa na dama, ya ƙirga goma a gaban maigida. In fata ba ta yi ƙorafi ba, ya ɗaure. An taɓa miƙa masa ma'aunin zafi, ya ce a kai wa likita, shi nasa Allah ya manna masa.

Sai ga shekarar da bama-bamai suka addabi gari. Ya je tasha karɓar saƙon fayif, bam ya tashi. Wani ƙarfe ya shige masa gwiwar hannu, aka ɗinke, aka yi ta barka da arziki. Yatsu suna motsi, suna riƙe sifana lafiya lau, amma daga wuyan hannu zuwa ƙasa, zafi da sanyi duk ɗaya suka zama.

Bai gaya wa kowa ba. Ya gwada da hagu mana, za ka ce. A gaban mutanen da suka saba ganin dama? Ai sai su tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne tuwon 'ya'yansa shida. Sai ya ci gaba da tara mataccen hannu yana ƙirga goma, yana satar kallon tururi, yana cewa a ransa ido ma ya san aikin.

Ido bai sani ba. Wata malamar makaranta, Hajiya Safiyyatu, ta kira shi ya saita mata shawa saboda mahaifiyarta. Tsohuwar ta gudo daga ƙauyensu a Barno, kwana uku a ƙasa, kuma a rayuwarta bokiti kawai ta sani. 'Yar ta ce, "Inna, murɗa har ƙarshe, ba ya ƙuna, Bappayo ya saita." Ta murɗa. Ruwa ya zubo, ta rasa ta inda ake kashewa. Kafin a ɓalle ƙofa, fatar bayanta ta saluɓe.

A asibiti Hajiya ba ta zage shi ba, da ma ta zaga da ya fi masa sauƙi. Ta dai ce, "Malam Bappayo, ta tsere wa masu bindiga, ni na kawo ta banɗakina."

Washegari ya bi gidajen da ya yi wa aiki tun bayan ciwon, gida goma sha ɗaya, yana kashe hita yana faɗin gaskiya da bakinsa. Ya san kabarin sana'arsa yake haƙawa. Kafin Juma'a labari ya gama Tumfure har Dawaki, wayarsa ta yi shiru, ba ta kuma yin ƙara ba.

Ran nan matarsa Jumma ta ajiye masa abincin rana. Ya zauna yana duban kwanon.

"Jumma, akwai abin da na ɓoye miki tun ranar da aka ɗinke min hannu."

"Na sani, Baban Yusra," in ji ta, ba ta ɗago kai ba. "Wata bakwai ke nan ina fifita maka tuwo kafin in kawo, don kada ka ƙone yatsu ba ka sani ba. Na ce in rufa maka asiri." Sai muryarta ta karye. "Da na yi magana, da tsohuwar nan tana da bayanta."