Kar a Motsa!

Shekara da shekaru Kawu yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago kusa da ofishinmu. Hoton da ke manne a fayil ɗina na aiki ma shi ya ɗauka. Kafin ya danna kyamara sai ya daka tsawa, "Kar a motsa!" Da wayoyi suka cinye kasuwar, ya rufe shago, ya koma wa tsuntsayen lambun shaƙatawa da ke bayan layinsu.

Da sanyi ya kankama, abinci ya yi wa tsuntsaye wuya, sai ya riƙa cika aljihu da tsakin hatsi yana watsa musu a kan benci. Burinsa hoton wata 'yar baƙuwar tsuntsuwa mai jan ƙirji. Takan sauko, ya saita ta tsaf, sai baki ya riga yatsa: "Kar a motsa!" Fir! Sai benci.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ta duba hotunan ta ce, "Malam, benci ya yi kyau. Shi kaɗai ke jin maganarka." Amma da tari ya kama shi, ta kafa doka: in Asabar ta wuce babu hoton tsuntsuwa, kyamara za ta shiga akwati sai sanyi ya tafi. Kawu ya san kafin nan baƙuwarsa ta yi gaba.

Ranar Asabar na raka su. Yatsun Kawu suka ƙage, ya ce, "Riƙe min nan in ɗumama hannu," ya miƙa wa Iya kyamara. Ashe da sauran tsaki a tafinsa. Kafin ya kai hannu baki ya hura, sai ga mai jan ƙirji ta dira a kan babban yatsansa.

Iya ta ɗaga kyamara a hankali, ta raɗa, "Kar a motsa."

Kawu ya ƙame, ko tarin bai yi ba. Ƙyas!

Hoton ya karkace, rabin hularsa babu. "Wannan ba zai shiga fasfo ba," in ji shi, amma ya sa masa gilashi ya rataye a falo. Mutumin da ya hana dubban mutane dariya a hoto, ga haƙoransa duk a waje.

"To, dokar fa?" ya tambaye ta.

"Gobe ma a je. Ni in riƙe kyamara, kai ka riƙe bakinka."