Ranar da Takalman Reino Suka Daskare

Reino Saarela ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara a hanyoyin garinmu, can bakin tafkin Superior, kuma ba a taɓa jin ya ce sanyi ya dame shi ba. Abin da yake cewa shi ne mutane ba su iya sa safa ba. Wannan ne iliminsa, kuma kyauta yake raba shi: a coci, a gidan biki, sau ɗaya ma a wajen jana'iza.

Mu uku ke da bukkar farauta a dajin arewa: ni da Reino da ƙanin matarsa, Gordy Pelkie. Kowace shekara, ranar sha biyar ga Nuwamba da ake buɗe farautar barewa, kowa yakan nufi bishiyarsa da sassafe, ya hau ɗan dandamalin da ya kafa a sama, ya zauna shiru yana jiran nama ya zo wucewa. Zaman shi ne aikin. Mai tafiya jininsa na gudu. Wanda ya yi awa shida a kan katako bai motsa ba, daga yatsun ƙafa sanyi ke fara cinsa.

Reino yana da dabararsa. Yakan shiga daji da safa mara kauri. In ya hau sama sai ya tuɓe takalman ya rataye su a reshe, ya sa busasshiyar safar ulu, ya zura ƙafafunsa biyu cikin wani buhu da matarsa Darlene ta ɗinka masa da tsohuwar rigar fatar tumaki.

"Ku da kuke cusa safa uku a takalmi ɗaya," yakan ce mana, "ba ɗumama ƙafa kuke yi ba, shaƙe ta kuke yi."

"Mun ji, Farfesa," in ji Gordy. "Ranar da barewa ta zo sai ka bi ta da tsalle cikin buhu, kamar ɗan makaranta."

A bangon bukkar akwai taswira. Kowa yakan soka allura inda zai zauna, domin in wani abu ya faru a san inda za a nema. Reino yana soka tasa kamar kowa. Abin da ba mu sani ba shi ne, shekara goma sha tara ke nan yana soka ta a wurin da bai taɓa zama ba. Dalili kuwa, wata shekara Gordy ya hau bishiyar Reino ya harbe wani ƙaton namijin barewa da Reino ya yi kaka biyu yana dako. A wurinmu ana iya yafe wa mutum in ya ari motarka ya buga ta. Bishiya dabam ce.

Shekarar da nake ba da labari, sanyi ya sauko da wuri. Da safen in ka ja numfashi gashin hancinka mannewa yake. Abin da ya faru a saman bishiyarsa daga bakin Reino na ji shi, daga baya.

Hanyarsa ta gaskiya tana ratsa wata fadama. Ƙanƙarar da ke kanta ba ta gama ƙwari ba, ta fashe da shi, ruwa ya shiga takalman. Bai damu ba, tunda yana da busasshiyar safa a aljihu. Ya hau ƙusoshin ƙarfen da ya murɗa a jikin bishiyar, tsayin bene mai hawa biyu, ya yi yadda ya saba, ya rataye takalman a reshe. Har rana ta yi tsaka ƙafafunsa na cikin buhu, lafiya lau. Ya ce ya ma tausaya mana.

Da ya tashi saukowa ya miƙa hannu ya ɗauko takalmin dama, sai ya ji shi kamar itace. Ya daskare a lanƙwashe, bakinsa ya tsuke. Ko hannu ba ya shiga, balle ƙafa. Ya cusa shi cikin rigarsa ya rungume shi, ya yi rabin awa yana karkarwa, takalmin bai saki ba. Garin ɗauko na hagu, yatsunsa da suka sandare suka kuɓuce masa. Ya ji ƙarar faɗuwarsa a ƙasa, kamar an jefar da dutse.

Waya ba ta kamawa a wurin, don haka ma ya zaɓe shi. Ya ɗaga bindiga ya harba sau uku, alamar neman taimako. Amma a ranar buɗe farauta duk dajin harbi ne. Ni da Gordy muna bukka muna cin burodin nama da dankali lokacin da muka ji shi daga nesa.

"Wani ya kuskure sau uku," in ji Gordy. "Allah ya sa Farfesa ne."

Muka yi dariya.

Ƙarfe biyu dusar ƙanƙara ta fara zuba. Ƙarfe biyu da rabi Gordy ya daina magana, abin da ban taɓa gani ba. Reino yakan makara, amma bai taɓa ƙin dawowa shan kofi ba. Muka duba taswira, muka sa riguna, muka nufi allurarsa. Tafiyar minti arba'in ce. Muka tarar da fili da wasu ƙananan bishiyoyi da ko kyanwa ba za su ɗauka ba. Babu dandamali, babu sawu.

"Reino!" Gordy ya ƙwala. "Kai, tsoho! Ba wasa nake ba!"

Dusar tana cike sawunmu muna kallo. Gordy ya juyo ya dube ni.

"Me zan ce wa yayata?"

"Ba ka da abin ce mata tukuna," na ce. Amma ni ma na san rana za ta faɗi kafin ƙarfe biyar da rabi, kuma dajin ya fi mil goma ta kowace fuska.

A daidai lokacin Reino yana lissafinsa. In ya zauna, ƙafafunsa na cikin buhu, amma babu mai zuwa, kuma ya fi kowa sanin dalili. Sanyin da zai biyo bayan faɗuwar rana ba zai tsaya a ƙafa ba. In ya sauka, mil ɗaya da rabi ne zuwa tsohuwar hanyar masu yankan katako, kuma sai ya sake ratsa fadamar. Ya fitar da wuƙa ya raba buhun Darlene biyu, ya naɗe kowace ƙafa, ya ɗaure da igiyar da yake jawo bindiga sama da ita. Fatar tana santsi a kan ƙusoshin. Ya ce bai taɓa sanin yawansu ba sai ranar: goma sha huɗu ne.

A fadamar ruwa ya sake shiga. Da farko zafi ne, kamar yana taka garwashi, yana tafe yana zagin duk wanda ya tuna. Can sai zafin ya fara raguwa, ya ragu, ya ɗauke. Ya ce nan ne tsoro ya kama shi sosai, domin ya daɗe yana koya wa mutane cewa ƙafar da ke ciwo tana da rai. Ya riƙa duba ƙasa don ya tabbatar yana takawa. Yana ganin abubuwa biyu naɗe da fata suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba ya jin ko ɗaya.

Mu kuwa mun koma muka ɗauki motar Gordy, muna bin tsohuwar hanyar katako a hankali muna danna ƙaho, don ba mu san wani abin yi ba. Hasken rana ya kusa ƙarewa muka hango wani abu mai ruwan lemo a tsakiyar hanya, rigar farauta ce, ƙasa-ƙasa. Da gwiwa yake tafiya.

Gordy ya diro yana kuka yana masifa. "Ɗan banzan tsoho! Ina ka shiga?" Ya durƙusa zai kwance fatun ya murza masa ƙafa da dusar ƙanƙara, yadda kakanninmu suke yi.

"Kar ka taɓa," in ji Reino, muryarsa da ƙyar take fita. "Jahili. Asibiti."

A asibiti aka yanke igiyar. Yatsun farare ne, masu tauri, kamar kyandir. Likitar ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ana jin ihunsa har bakin ƙofa, ta ce ihun alama ce mai kyau. Sannan ta ce ba za a san waɗanda za su rayu ba sai bayan makonni, sai dai a jira a gani.

Jiran ya fi dajin muni, in ji Darlene. Kowace safiya takan ɗaga bargo ta duba, shi yana kallon rufi.

"Yaya?"

"Kamar jiya."

"Darlene, shekara arba'in ba ki iya ƙarya ba."

Baƙin ya fara daga ƙaramin yatsan hagu, yana hawa a hankali, kuma babu wanda ya san inda zai tsaya. A mako na shida ya tsaya. Aka cire yatsu uku a hagu, har da babban, da ɗaya a dama. Ƙafafun kansu sun tsira.

Bai sake hawa bishiya ba, domin wanda ba shi da babban yatsa ba ya riƙe ƙusa. Yana tafiya a ɗan karkace, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa a hannu ɗaya. Amma ya koyi wata ɗabi'a. Ko a tsakiyar Yuli, ana zufa, yana zaune a kujerar da ke gabana a coci, duk bayan 'yan mintuna sai ka ji ya buga ƙafar hagu a ƙasa, sannan ta dama, ya ɗan saurara ya ji ko suna nan. Sai kafaɗunsa su sauka, ya ci gaba da waƙa.