Ranar da Ikilima Ta Ga Zuciyar Ƙanenta

A Kibiya ba a zancen Ikilima 'yar Nata'ala sai an yi zancen zarenta. Tun tana budurwa take kaɗi, masaƙan Rano kuwa ba sa taya zaren kowa ranar kasuwa sai nata ya ƙare. Doguwa ce mai saurin magana, ba ta ganin abu ta wuce ba ta yi tambaya ba.

Tambaya ɗaya ce ta rasa mai amsa mata: me ya sa mazan gidansu ba sa tsufa? Mahaifinta ya faɗi a gona da fartanya a hannu, alhali lafiya ƙalau ya karya kumallo. Baffanta ya faɗi a filin kokawa. Wanta Haliru yana ɗora wa jaki buhun gyaɗa rai ya yi halinsa. Mutanen gari suka ce kakansu ne ya sare tsamiyar iskoki a gonarsu ta fadama, har aka bar gonar ta zama daji.

Shekara biyar da samun mulkin kai, ƙanenta Shitu mai haƙar rijiya ya fara haki, ya suma sau biyu a bakin aiki. A lokacin mijin Ikilima ya riga ya rasu, ita kuma ta haura hamsin. Ta kai shi ɗakin shan magani na Rano, Malam Abdulganiyyu mai ba da magani ya saurari ƙirjinsa, ya rubuta musu takarda zuwa Kano.

Likitan Kano ya tambaya ta bakin tafinta ko an taɓa yin irin wannan a danginsu. Ikilima ta gyara zama. Ta jero masa mutum goma sha ɗaya tun daga kakan kakanta, kowa da sunan uwarsa da aikin da yake yi lokacin da ya faɗi. Likita yana zana layuka a takarda har ya miƙe tsaye, ya aika a kira abokan aikinsa. Ya ce a babban asibitin Badun akwai masu zura siririyar waya ta jijiya, su tsinko naman zuciya wanda bai kai ƙwayar gero ba, su duba shi.

Dangi suka ƙi, suka ce ba a taɓa zuciyar mai rai. Shitu ya bari suka gama, sannan ya ce, “Yaya, in kin ce mu je, mu je.”

Wannan ce shigarta jirgin ƙasa ta farko. Ba ta bar bakin taga ba, da suka hau gadar Jebba kuwa sai da ta tashi Shitu daga barci ya ga yawan ruwa.

A Badun aka yi aikin lafiya. Bayan kwana tara likita ya kira su, yana shirin bayani ta tare shi, ta ce ita fa sai ta gani da idonta. Ya yi dariya, ya kai ta wani ɗaki mai warin magani, ya nuna mata madubin da ke ƙara wa ƙaramin abu girma. Ya fara sa mata naman zuciya mai lafiya, sannan na Shitu. Ta daɗe a sunkuye.

“Na farkon a jere yake kamar zare a wadarin masaƙa,” in ji ta. “Na ƙanena ya harɗe, kowane sili da inda ya nufa.”

Da tafinta ya juya maganar, likita ya buga tebur don daɗi, ya ce ai ta gama masa aiki. Ya ce gado ne kamar tsawo ko wushirya, yana bin maza da mata, wani ya ɗauka wani ya tsallake. Ba a warkewa, amma da ƙwayoyin sha da barin aikin ƙarfi mutum kan daɗe, in Allah ya so.

Ikilima ta tambaya ko da hannun tsamiyar iskokin nan a ciki. Aka ce babu. Nan take ta rangaɗa guɗa, har masu jinya suka leƙo.

Suna dawowa ta cika motar gyaɗa da dangi goma sha bakwai zuwa Kano. Aka ga alamar ciwon a jikin huɗu, ciki har da 'yarta Barira. Ta yi kukanta na yini ɗaya, washegari ta karɓe wa Barira daka da ɗebo ruwa. Da damina ta zo ta sa aka share gonar fadama, aka dasa rake.

Shitu ya koyi ɗinki, ya kafa kekensa a kasuwar Rano. Shi ne namiji na farko a gidan da ya yi furfura, ya kuma aurar da 'ya'yansa shida da kansa. Ikilima ta rasu tana da shekara tamanin da ɗoriya, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.