Kwanon da Ya Jira Ni Wata Huɗu

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ba zan manta da yammacin da wani dattijo ya tsaya a ƙofar ɗakina riƙe da kwanon tuwo ba. Kwano ne ruwan ɗorawa, mai murfi, gefensa ɗaya a lotse. Har yau in na ga irinsa a kasuwar Makarfi sai na tsaya ina kallo, mai kayan ya yi ta kirana, ni kuwa ba saye zan yi ba.

An tura ni wani ƙauye a yankin Furana, cikin ƙasar Ikara, ina gwauro, ban san kowa ba. Ni ɗan Kudan ne, kuma gidanmu gidan yawa ne, inda ko tari ka yi sai mutum uku sun yi maka sannu. Sai ga ni a ɗaki ɗaya jikin wani tsohon sito a bakin gari, daga ni sai babur ɗina. Aikin ma bai zo da sauƙi ba, domin a daminar ce tsutsa ta faɗa wa masara. Tun da safe nake hawa babur, ƙauye zuwa ƙauye, kowane manomi ya tare ni da ganye a hannu duk ya huhhuje, yana tambayata yadda za a yi. Gaisuwa kam ina shan ta, har da su "ya baƙunta" da "ya mutanen gida". Amma ana gama gaisuwar sai a koma kan tsutsa. Nakan wuni ina magana, in dawo in ga ban yi hira da kowa ba.

A layin masallacinmu akwai al'adar ciyayya. Da an idar da sallar magariba, magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba, kowane gida a fito da kwano, a haɗa a tsakiya a ci tare. Ta gabansu hanyar ɗakina ta bi. Ranar farko Baba ya ɗaga kai ya ce, "Malam, bismilla." Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi." Wallahi ƙarya nake, cikina har kuka yake yi. Abin da na duba shi ne, kowa a wurin da kwanonsa ya zo, ni kuwa ba ni da gidan da kwano zai fito. Mahaifiyarmu ta rene mu a kan kada mu zauna wa abincin mutane hannu rabbana. Haka aka yi ta yi har kusan mako guda, yana cewa bismilla ina cewa na ƙoshi, sai ya daina. Da ya daina sai abin ya fi yi mini ciwo, na koma bin bayan masallaci don kada ma in gan su.

Abincina ya koma garin rogo da sukari, ko shayi da burodin da ya kwana biyu. Ina ci ina jiyo dariyarsu daga nesa. Waya ba ta kamawa a ɗakin sai na hau wani suri a bayan sito, a nan nake kiran mahaifiyata in ce mata lafiya lau nake, in sauko zuciyata ta yi nauyi. Na rame, barci ya ragu, na fara saurin fushi. Har wata rana na daka wa wani manomi tsawa a gonarsa, mutumin da a haife ya haife ni, don kawai ya maimaita tambaya. Sai kawai ya sunkuyar da kai. A ranar na san in na ci gaba a haka, ko dai in bar wurin ko in lalace.

A wata na huɗu na rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa Makarfi, kusa da gida. Da safe na kai ta ofishinmu a Ikara, na dawo ban faɗa wa kowa ba.

A yammacin ranar ce, bayan magariba, na jiƙa garina ke nan sai na ji sallama. Baba ne da kansa, da kwanon nan a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a tsaye.

"Ba zama zan yi ba, Malam, aiko ni aka yi," in ji shi. "Tsohuwar nan tawa ta ce yau ba za ta karɓi kwanon nan a cike ba. Wata huɗu ke nan tana zuba maka, a fito da shi, a mayar mata, da safe a yi ɗumame. Ta ce in tambaye ka, miyar ce ba ka so, ko mu ne?"

Da ƙyar na ce, "Baba, wallahi ban san nawa ba ne. Ni ba ni da kwanon da zan fito da shi, kunya ce ta hana ni zama."

Ya kalle ni, ya kalli kofin garin da ke ƙasa, sai ya fashe da dariya har murfin kwanon yana karkarwa. "Kai, Malam! Duk bokon nan naka? A ina ka taɓa ganin an ce baƙo ya fito da kwano? Mu kuwa cewa muka yi ma'aikaci ne, ƙyamar haɗa hannu da mu yake, a ƙyale shi kada a takura masa."

Ashe ni ina kunya, su suna yi mini kara, tsakaninmu bai fi taku arba'in ba.

Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye. "Ba a nan za ka ci ba. Taso." Na bi shi sumsum. Da muka isa wani ya ce, "A matsa wa gwamnati, yau ta sauko!" Aka yi dariya, aka buɗa mini wuri. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa. Wanda ya turo mini ruwan wanke hannu kuwa shi ne manomin da na daka wa tsawa. Na kai loma biyu sai hawaye, na ce yaji ne ya yi yawa, su kuma suka yarda da ni don su rufa mini asiri.

Aikin bai ragu ba bayan nan, amma ya daina danne ni. In na dawo a gajiye akwai inda zan sauke gajiyar. Suka riƙa tsokanata da maganar aure, ina tsokanarsu da shukar da suke yi a cunkushe. Na yi ƙiba har mahaifiyata ta tambaye ni ko na yi aure a ɓoye ne. Takarda kuwa na manta da ita sam, ban ko yi tunanin zuwa in janye ta ba.

Bayan wata bakwai aka kira ni Ikara, aka ce an amince da buƙatata. Na roƙi a fasa, aka ce an riga an ba wani gurbina. A wannan yammacin na faɗa wa Baba bayan kowa ya tashi. Ya ce, "Laifi muka yi maka?" Na ce a'a, tsohuwar takarda ce. Ya ce, "Yaushe ka rubuta ta?" Na ce, "Ranar da ka kawo mini kwano, da safenta na kai." Ya daɗe yana juya murfin kwanon a hannunsa, sannan ya ce, "Ashe da wuni ɗaya na makara."

Yanzu ina da iyali, ana fito mini da tuwo mai kyau, Baba kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma in magariba ta yi, har yau tabarmar nan nake kewa. Ban taɓa samun bakin faɗa masa cewa ba shi ya makara da wuni ɗaya ba, ni na makara da wata huɗu. Abin da na koya shi ne, kaɗaici ba kullum rashin mutane ne ke kawo shi ba, wani lokaci suna nan kusa, kunyarka ce ta tsare hanya. Shi ya sa duk sabon ma'aikacin da aka turo mana, in na ce bismilla ya ce ya ƙoshi, ba na yarda. Ɗaukar kwanon nake yi in bi shi, kuma ba na bari sai gobe.